'Yata na son zama ƙwararriyar mai rawar bale, me ke gabanmu?

Tambaya: Wata uwa da ke zaune da iyalinta a Birmingham ta ƙasar Ingila ta rubuto cewa 'yarta mai shekara 9 ta yi shekara 3 tana zuwa ajin rawar bale duk Asabar. Yanzu malamar ta ce yarinyar na da baiwa, ya kamata a kai ta gwajin shiga horo na musamman. Uwar na son ta san inda hanyar ta dosa: shekara nawa ake koyo, ana cin abinci da sana'ar kuwa, me take yi wa jiki, sannan yaya maganar sutura da tarbiyya.

Amsa: Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah Ya raya miki ita. Ni likitar fisiyo ce, wato mai jinyar tsoka da gaɓoɓi ta hanyar gashi da motsa jiki, na daɗe ina duba masu wannan rawa a nan Ingila, daga 'yan makaranta har waɗanda ake sayen tikiti a je kallonsu. Ta wajen jiki na san sana'ar, don haka za ki ga a nan na fi zama.

Abin da ya kamata ki riƙe tun farko shi ne, bale sana'a ce mai dogon koyo da gajeren ci. Yarinya kan shafe shekara 8 zuwa 10 tana horo na haƙiƙa kafin wani kamfani ya ɗaga ido ya dube ta. In ta yi sa'a ta samu aiki tana 18 ko 19, kuma yawancinsu kafin su cika 40 sun sauka daga dandamali, da yawa ma tun suna 30 da 'yan kai. Sai dai ba yau za ki yanke hukuncin wannan duka ba. Hanyar ƙofa-ƙofa ce, ɗaya a shekara 11, ɗaya a 16, ɗaya a 18 ko 19, kuma a kowace ƙofa kuna da damar ku tsaya ku sake shawara. Gwajin da malamarta ke magana a kai bai ma kai ƙofar farko ba.

Rawar ta taso ne a fadojin sarakunan Italiya, ta ƙaura Faransa, inda Sarki Louis na 14, wanda shi kansa gwanin rawa ne, ya kafa mata makarantar fada a 1661. Malaminsa Pierre Beauchamp ake dangantawa da tsara tsayuwar ƙafa guda 5 ɗin nan da 'yarki ke yi duk Asabar, shi ya sa har gobe da Faransanci ake kiran kowane taku, ko a Japan ne ko a Kyuba. Makarantar gidan Opera na Paris ta faro a 1713, ta St Petersburg a Rasha a 1738, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Agrippina Vaganova, malamar da hanyar koyarwarta ta bazu ƙasashe da dama. Ingila a baya ta shigo, sai a 1926 Ninette de Valois ta buɗe makarantar da ta zama Royal Ballet School. Kowace ƙasa da salonta, amma ginshiƙin ɗaya ne, kuma ginshiƙin nan ba irin tsayuwar da jiki ya saba da ita ba ce. Abin da ke sa koyon ya yi tsawo ke nan.

Mai bale juya ƙafafunta take yi waje, gwiwa da yatsu na kallon gefe maimakon gaba. Daga gaɓar kwatangwalo ya kamata juyin ya fito, kuma iyakar inda zai kai, wani ɓangarensa halitta ce: yadda kan ƙashin cinya ya zauna a cikin gurbinsa. Horo na ƙarfafa tsokar da ke riƙe juyin, amma ba ya sake ƙirar ƙashi. Yarinyar da Allah bai ba ta buɗaɗɗen kwatangwalo ba, idan malama ta matsa mata sai ƙafafunta sun miƙe sak gefe da gefe, dabara za ta yi. Ta murɗo daga gwiwa da idon sawu, tafin ƙafa ya kwanta ciki, ƙugu ya lotsa. A ido sai a ce ta iya. Bayan shekara biyu uku sai a kawo mana ita da ciwon gwiwa. Ga abin da za ki iya dubawa da kanki ranar da aka bar iyaye su shiga aji: idan ta lanƙwasa gwiwa, gwiwar ta bi saitin yatsun ƙafarta na tsakiya. In kika ga gwiwa na faɗowa ciki alhali yatsu na kallon waje, to an buɗe ta fiye da ƙarfinta.

Duk mai wannan sana'a, daga 'yar shekara 11 a makarantar kwana har tauraruwar da ta yi shekara 20 a dandamali, da aji take buɗe rana, galibi kwana 6 a mako, awa ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi. A jikin sanda ake farawa, wani dogon katako da aka kafe a bango daidai ƙugu, hannu ɗaya a kansa. A lanƙwasa gwiwa a hankali a miƙe. A zura ƙafa a ƙasa har yatsu su yi tsini a dawo da ita, gaba, gefe, baya, a juya a yi da ɗayar. Mai fiyano na can kusurwa yana kaɗawa, malama na zagayawa, nan ta taɓa kafaɗa ta sauke ta, can ta ɗago haɓa da ɗan yatsa. Bayan kamar minti 40 a bar sanda a fito tsakar fili: motsin sannu-sannu a kan ƙafa ɗaya, sai juyi, sai ƙananan tsalle, sai manyan tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan. Gobe haka, jibi haka. Wanda ya ga 'yar rawa ta yi juyi 32 a jere kan ƙafa ɗaya a wasan Swan Lake, abin da 'yar Italiya Pierina Legnani ta shigar cikin wasan a 1895, sakamakon dubban safiyoyi irin wannan yake gani. A ganina nan ne ake gane yarinyar da za ta jure. Wadda kayan ado da tafi kaɗai ke burge ta, ba a daɗewa take gajiya. Wadda ke son ajin kansa, wadda gyaran malama ke faranta mata rai maimakon ya ɓata, ita ce ke tafiya da nisa.

A shekarun 'yarki, 8 zuwa 11, abin da ake nufi da horo na musamman shi ne ƙarin aji a ƙarshen mako ƙarƙashin wata babbar makaranta. Kun yi dace da gari. Royal Ballet School na gudanar da irin waɗannan azuzuwa a birane da dama har da Birmingham. Makarantar Elmhurst da ke unguwar Edgbaston, wadda ke haɗe da kamfanin Birmingham Royal Ballet, ita ma tana da nata na yara, kuma shi kansa kamfanin tun 1997 yake shiga makarantun firamare na birnin yana zaƙulo yara masu baiwa. A wannan mataki yarinya na gida, tana zuwa bokonta da Islamiyyarta kamar kowa. Ban ga asara a nan ba. Ko ba ta zama komai a rawa ba, za ta fita da ƙarfin jiki da natsuwa da sanin kiɗa.

A shekara 11 ne magana ke yin nauyi, domin makarantar kwana ake magana. Ƙaramin sashen Royal Ballet School yana White Lodge a cikin Richmond Park a Landan, na yara ne har shekara 16, Elmhurst kuma daga 11 har 19. Rabin yini karatu, saura rawa. Ɗaruruwa ke nema, 'yan matan da ake ɗauka a aji guda ba su wuce goma sha wani abu ba. Kuɗin makaranta da kwana ya haura fam 30,000 a shekara, sai dai gwamnati na da tallafi mai suna Music and Dance Scheme da ke biya gwargwadon samun iyaye, don haka kada adadin ya firgita ki tun kafin ki cike takarda. Abin da masu gwaji ke dubawa a yarinya 'yar 10 ba yawan takun da ta iya ba ne. Ƙira suke dubawa: tsawon ƙafa bisa gangar jiki, laushin gaɓoɓi, lanƙwasar tafin ƙafa, saurin tashi a tsalle, da yadda jikinta ke amsa kiɗa. Matsalar ita ce balaga ba ta zo ba tukuna. Jikin da aka zaɓa a 11 ba shi ne jikin 14 ba, shi ya sa makarantun ke sake tankaɗe da rairaya a tsakiyar hanya, a ce wa wasu nan tafiyarsu ta tsaya. Na sha ganin yarinya 'yar 14 an mayar da ita gida, ba ta yi laifin komai ba, ba ta yi lalaci ba, girma kawai ta yi irin na gidansu. Wannan ciwo ne da ba ya warkewa da wuri, kuma iyaye ne ke jinyarsa.

Ba dole ba ne kuma a tafi kwana a 11. Akwai ƙwararru da yawa da suka zauna gida har 16, suna horo da yamma da ƙarshen mako wurin malama ta gari. Ana yawan kawo misalin Misty Copeland ta Amurka da ta fara a 13, da Rudolf Nureyev da bai shiga makarantar Leningrad, wato St Petersburg ta yanzu, ba sai yana 17, amma irinsu ɗaiɗaiku ne, kada a gina lissafi a kansu. Maza sun fi samun sassauci kan latti, saboda sun fi ƙaranci kuma ba sa hawa kan yatsu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, sai dai ɗanyen ma in aka matsa masa tsagewa yake yi. Inda wannan ya fi fitowa shi ne takalmin tsini, wanda mata ke tsayuwa da shi a kan ƙarshen yatsu. Kowace yarinya shi take mafarki, kuma nan ba da daɗewa ba 'yarki za ta fara damunki da shi. Mutane kan ɗauka katako ne ko ƙarfe a ciki. A'a, na gargajiya yadi ne da takarda da gam, aka jera su hawa-hawa aka busar har suka yi tauri, aka rufe da yadin satin, da tafi mai tauri a ƙasa. Ba shi da na dama ko na hagu, ƙafa ce ke koya masa. Sabo ba ya sawuwa haka nan. Za ki ga 'yar rawa zaune a ƙasa a bayan dandamali da zare da allura tana ɗinka igiyoyinsa da roba da hannunta, ta lanƙwasa tafin daidai inda nata ke lanƙwasa, ta buga bakinsa a siminti don kada ya yi ƙara, wata ta yanke satin ɗin baki ko ta yi masa saƙa don kada ya zame. Sannan ta nannaɗe yatsu da filasta, ta cusa ɗan ulu. Duk wannan wahala, gumi na jiƙa gam ɗin takalmi ya mutu cikin 'yan awoyi na aiki, tauraruwa ma takan kashe ƙafa guda a dare ɗaya. Kamfani ke saya wa ma'aikatansa, dubbai a shekara. Ɗaliba kuwa iyaye ke saya, kuma ƙafa guda ba ta kasa fam 50.

Tun Marie Taglioni ta yi suna da rawa kan yatsu a Paris a 1832 abin ya zama alamar sana'ar, amma ƙa'idarmu ta likitoci a fili take. Ba a sa wa yarinya shi kafin 11 ko 12, kuma sai ta yi shekara 3 zuwa 4 tana horo sosai, ba aji ɗaya a mako ba. Ƙasusuwan ƙafarta ba su gama ƙwari ba, akwai guringuntsin girma a bakinsu. Shekaru kaɗai ma ba su isa ba, sai an gwada ƙarfi: ta iya ɗagawa kan ƙafa ɗaya sau da yawa a jere idon sawu bai karkace ba, ta iya riƙe cikinta da ƙugunta ba tare da ta dafa komai ba. Duk malamar da ta ce za ta ɗora 'yar shekara 9 a kan yatsu, ki ɗauke 'yarki daga wurinta. Jinkirin shekara ɗaya bai taɓa hana kowa sana'a ba.

Tunda muna kan takalmi, bari in taɓo maganar launin fata, don za ki ci karo da ita. Takalmi da safa an yi su ne ruwan hoda don su saje da fatar Bature. Shekara da shekaru baƙar fata sai ta zauna ta shafe takalminta da hodar kwalliya kafin ya yi kalar ƙafarta. A nan Ingila sai a 2018 kamfanin takalma na Freed of London ya haɗa kai da kamfanin rawa na Ballet Black suka fitar da masu ruwan ƙasa. Ƙofar ta daɗe a rufe, ana buɗe ta da kaɗan-kaɗan. Arthur Mitchell ya kafa Dance Theatre of Harlem a 1969 don yaran baƙar fata su samu inda za su koya. Copeland ba ta zama baƙar mace ta farko a matakin ƙoli na American Ballet Theatre ba sai 2015. Guillaume Diop, wanda mahaifinsa ɗan Senegal ne, sai a 2023 ya zama baƙar fata na farko da aka naɗa tauraro a Opera ta Paris. Michaela DePrince marainiyar yaƙin Saliyo ce, ta kai har babban kamfanin ƙasar Holan kafin rasuwarta a 2024 tana 29. A garinku kuwa, shugaban Birmingham Royal Ballet tun 2020 shi ne Carlos Acosta, baƙar fata ɗan talakawa daga Havana. Wataƙila kuma kin ga bidiyon yaron nan na Legas, Anthony Madu, da ya yi rawa ba takalmi cikin ruwan sama a 2020 yana 11. Daga makarantar Leap of Dance da ke Ajangbadi, a Elmhurst ya zo ya ci gaba da karatu. 'Yarki ba za ta zama ita kaɗai ba, amma ki shirya jin maganganu kan gashinta da ƙirarta, ki kuma shirya mayar da amsa.

Daga 16 zuwa 19 horo ya zama na yini guda cur. A nan ake koyon rawa tare da namiji, da haddace manyan wasanni, da fita gasa. Wadda ta fi suna ita ce ta Lausanne a Suwizalan, tun 1973, ta 'yan 15 zuwa 18, inda shugabannin makarantu da kamfanoni ke zama suna zaɓe. Acosta ya ci zinarenta a 1990. Shekarar ƙarshe ta neman aiki ce. A aika bidiyo da hotuna, in an gayyace ki ki biya kuɗin jirgi da kanki, a maƙala miki lamba a ƙirji a cikin ɗaki cike da mutane, wasu tun a jikin sanda ake sallamarsu. Guraben ba su da yawa. Birmingham Royal Ballet na da masu rawa kimanin 60, Royal Ballet ta Landan kimanin 100, ta Paris 154, Bolshoi ta Masko sama da 200, kuma sai wani ya tafi gurbi ke buɗewa, sannan duk duniya ke nemansa. Shi ya sa da yawa aikinsu na farko a wata ƙasa yake, Jamus ko Holan ko gabashin Turai, kwantiragin shekara ɗaya na 'yar koyo. Ki sa wannan a lissafi: 'yar 18 ita kaɗai a garin da ba ta jin yarensu.

Wadda ta samu shiga, daga 'yan sahu take farawa, wato waɗanda ke rawa a jere su 24 ko 30 kamar mutum ɗaya. Aiki ne mai wuyar gaske da ba a cika yaba masa ba. Bayan tsalle da gudu sai a tsaya cak a kan ƙafa ɗaya na wasu mintuna yayin da taurari ke rawa a tsakiya, ƙafa na ɗaurewa, fuska ba ta isa ta nuna ba. Daga nan akwai matakai. A Landan shugaban kamfani ke ɗaga mutum, a Paris kuwa an daɗe da al'adar gasar cikin gida kowace shekara, in ban da matakin tauraro da naɗi ne. Yawancin masu rawa a sahu suke farawa, a sahu suke gamawa, kuma wannan ba gazawa ba ce, su ne ƙashin bayan kowane wasa. Yininsu: aji da misalin 10:30 na safe, maimaici har yamma, wasa 7:30 na dare, a koma gida bayan 10:30. Watan Disamba ya fi kowanne nauyi saboda wasan Nutcracker, wanda musamman a Amurka shi ke kawo wa kamfanoni kaso mai tsoka na kuɗin shekara.

Ana cin abinci da ita? Ana ci, ba a tara dukiya. A manyan kamfanonin Turai albashi ne na wata-wata duk shekara, na 'yan sahu daidai na ƙaramin ma'aikaci, wanda a birni kamar Landan haya ke cinye rabinsa. A Amurka kamfanoni da yawa na makonni 30 da wani abu zuwa 40 kawai suke biya, sauran shekarar kowa ya nemi na kansa. Taurari ƙalilan ne ke samun na kirki, ta gayyatar wasanni a ƙasashe da talla.

Yanzu ga inda na fi sani. Da wuya ki samu ƙwararriyar da ta gama aikinta ba ta taɓa jinya ba. Kanta da bororo da faɗuwar farce ba a ma lissafa su. Abin da ke kawo su wurinmu targaɗen idon sawu ne, da kumburin jijiyar da ke bi ta bayan idon sawu zuwa babban yatsa, da ciwon kwatangwalo, ga maza kuma ciwon baya saboda ɗaga mata. Akwai manya ma: Steven McRae na Royal Ballet agararsa ta tsinke ana tsaka da wasa a 2019, sai da ya yi shekara 2 kafin ya koma dandamali. Abin da ya canza, kuma alheri ne, manyan kamfanoni yanzu suna da likitoci da ɗakin motsa jiki a cikin gida, an kuma daina tsoron cewa ɗaga ƙarfe zai ɓata ƙirar mace.

Amma raunin da ya fi tayar mini da hankali ba daga faɗuwa yake zuwa ba, daga kwanon abinci yake zuwa. Yarinya na aiki awa 5 ko 6 a rana, tana cikin girma, tana tsaye gaban madubi daga safe har yamma kusa da wadda ta fi ta siranta. Wani ya jefa mata kalma ɗaya, sai ta fara rage ci. Idan abin da ke shiga bai kai abin da ake ƙonewa ba, jiki na fara rufe wasu ayyuka don ya tsira, kuma na farko da yake rufewa jinin al'ada ne. Al'ada ta ɗauke, sinadarin da ke gina ƙashi ya yi ƙasa, ƙashi ya yi laushi a daidai shekarun da ya kamata ya tara ƙwarin da za ta rayu da shi har tsufa. Sai ƙashin tafin ƙafa ko na ƙwauri ya fara tsagewa a hankali ba tare da ta faɗi ba. A da har ana ɗaukar ɗaukewar al'ada kamar shaidar ƙwazo. Cuta ce. In ta kai 15 ba ta fara ba, ko ta fara ta ɗauke wata 3, a je asibiti, kada a jira. A 2023 wani shirin bincike na BBC ya kawo koken tsoffin ɗaliban Royal Ballet School da Elmhurst kan yadda ake muzanta jikinsu, makarantun kuma suka ce lafiyar ɗalibai ce gaba a wurinsu. Ban kawo wannan don in hana ki ba, na kawo ne don ki san kina da ikon yin tambaya kai tsaye. Ƙari a kan haka, yarinya baƙa da ke yini a ɗaki a ƙasar da rana ba ta da ƙarfi tana buƙatar a riƙa duba mata bitamin D. Idan kuma ta kai munzalin azumi, a zauna da makaranta tun kafin wata ya kama a rage mata tsalle da yamma.

Maganar sutura ba zan yi miki kwana-kwana ba. A aji kaya masu kama jiki ake sawa don malama ta ga gwiwa da ƙugu da gadon baya. Makarantun unguwa da yawa in kin yi magana za su bar ta ta sa mai dogon hannu da ɗan siket. Amma a kamfani kayan wasa na wasan ne, ba a zaɓe, kuma daga 15 ko 16 namiji zai riƙa riƙe ta a ƙugu da cinya yana ɗaga ta sama, domin rabin manyan wasannin a kan haka aka gina su. Ko a kamfanonin Alƙahira da Turkiyya haka tsarin yake. Ni ba malamar addini ba ce, wannan hukunci naki ne da mahaifinta da malaman da kuka amince da su. Roƙona ɗaya ne: ku yi maganar yanzu, ku kuma gaya mata iyakarku da wuri cikin lallashi. Zalunci ne a bar yarinya ta zuba ƙuruciyarta duka a abu, sai ta kai 16 a ce mata ai dama ba za a bari ba. In iyakarku ita ce ta koya don lafiya da sha'awa, ko ta zama malamar yara mata nan gaba, wannan ma hanya ce mai mutunci, kuma Royal Academy of Dance, wadda ke nan tun 1920, tana da jarrabawa da takardar koyarwa da aka sani a ƙasashe da yawa.

Sauka daga dandamali kuwa, a Paris doka ce a shekara 42 da fansho, tsarin da ya samo asali tun zamanin Louis na 14. Da gwamnati ta so taɓa shi, a Disambar 2019 masu rawar suka shiga yajin aiki har suka fito suka yi rawa a ƙofar gidan Opera cikin sanyi. A sauran wurare jiki ne ke yanke ranar. Akwai irin su Margot Fonteyn da ta kai 60, da Sylvie Guillem da ta zama tauraruwa a 19 ta sauka a 50, amma ba su ne ma'auni ba. Wasu na komawa koyarwa ko tsara rawa, wasu su koma jami'a, wasu ma aikinmu na fisiyo suke shigowa. A Ingila akwai ƙungiyar Dancers' Career Development tun 1973 da ke taimaka musu da kuɗin sake koyon sana'a. Wanda ya fi shan wuya a wannan gaɓa shi ne wanda ya saki karatu tun yana 14, don haka duk makarantar da za ta je, sakamakon jarrabawar bokonta ba abin sasantawa ba ne.

Shawarata ki kai ta gwajin, ki ce mata aji ne za ta je ta yi da sababbin ƙawaye. In an ɗauke ta, kafin ki sa hannu ki je ki ga wurin da idonki. Ki taka daɓen ɗakin ki ji ko yana ɗan ba da kai, domin tsalle a kan siminti ko da an shimfiɗa masa leda yana cin ƙwauri. Ki tambayi takardun malaman, ki tambaya wa ke duba yaro in ya ji ciwo, ko ana auna nauyin yara, da wa yarinya za ta kai ƙara in an faɗa mata maganar da ba ta dace ba. Ki bar mata aƙalla kwana ɗaya cur a mako ba rawa, ki bar ta ta yi iyo da guje-guje kamar sauran yara. Ciwon tsoka na kwana ɗaya biyu ba komai ba ne. Amma ciwon da ta iya nuna miki da yatsa ɗaya a kan ƙashi, ko wanda ke tashinta da dare, ko wanda ya wuce mako 2, a dakatar da tsalle, ki nemi likitanku ya tura ta wurin mai fisiyo da ya saba da yara 'yan wasanni.